Daga Kano Zuwa Jidda: Sa'a Huɗu Da Rabi, Da Salla Biyu A Tsakani



Tsakanin Kano da Jidda, in an miƙe sak ta sama, wajen kilomita 3,400 ne, watau mil 2,100 da 'yan kai. Jirgin sama yakan cinye wannan nisa cikin sa'a huɗu da rabi, wani lokaci biyar. In ya daidaita a sama yana cin kilomita 13 ko 14 kowane minti. Ashe tafiyar Birnin Kudu zuwa Kano, wadda mai jaki yakan yi wa kwanaki, a gare shi ta minti goma ce.

Kakanninmu da ƙafa suka san wannan hanya. Su bi ta Barno, su faɗa Wadai, su ratsa Darfur da Kurdufan, su ƙetare Nilu, sa'an nan Sawakin, bakin Bahar Maliya. Guzuri ya ƙare, a tsaya noman ƙodago, a sake ɗaura kaya. Wani shekara uku, wani bakwai, wani kuwa can ya bar zuriyarsa. Garin Mai Wurno da ke bakin Nilu shaida ne. Mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Jirgin sama bai sauka Kano ba sai 1925.

To, saurin nan ya zo da mas'alar da matafiyin ƙasa bai sani ba. Mai tafiya gabas tarbar rana yake yi, saboda haka yininsa yakan gajarce. Jidda ta riga mu da sa'a biyu, a agogo da kuma a faɗuwar rana. Wanda ya tashi Kano ƙarfe 12, Azahar ba ta ko shiga ba, zai sauka agogon hannunsa na cewa huɗu da rabi, na Jidda kuwa shida da rabi, rana ta faɗi ko tana gab da faɗuwa. Azahar da La'asar duka sun same shi a kan kujera.

Zancen ƙasaru ba wuya. Risala ta ɗora shi a kan nisa, mil 48, ba ta ce sai an sha wahala ba. Abin da ya fi wuya shi ne alwala da alƙibla da tsayuwa a wuri mai ƙunci. A ganina, wannan tambaya a zauren malam ya kamata a warware ta, tun ba a ɗaure akwati ba.

Haka kuma harami. Mai jaki yakan kwana a miƙati, jirgi kuwa kafin mutum ya kwance rawani ya wuce daidai da shi. Wanda zai zarce Makka daga Jidda, gara ya yi wanka ya ɗaura mayafansa tun a ƙasa, niyya da talbiyya su saura. Wanda aka fara kai shi Madina, nasa miƙatin Zulhulaifa ne, ya jira sai ranar fita.