Ma'anar "Iyali" a Dokokin Zaman Haya na Amurka

A ƙasar Amurka, ƙananan hukumomi ne ke tsara yadda za a yi amfani da filaye a garuruwansu. Sukan keɓe wani yanki don masana'antu, wani don kasuwanci, wani kuma don gidajen zama, kuma Kotun Ƙoli ta amince da wannan iko tun a 1926. A unguwannin zama da dama, doka ta ce kowane gida na iyali ɗaya ne. To, daga nan ne matsala ta taso, domin wajibi ne dokar ta fayyace abin da take nufi da "iyali".

Alal misali, dokar ƙauyen Belle Terre da ke jihar New York ta ce iyali su ne waɗanda jini ko aure ko riƙo ya haɗa, komai yawansu. Waɗanda ba su da dangantaka kuwa, ba za su wuce biyu a gida ɗaya ba. Sai ga ɗalibai shida na jami'ar Stony Brook sun kama hayar gida guda a ƙauyen, hukuma ta ce an saɓa wa doka. Magana ta kai Kotun Ƙoli, inda a 1974 alƙalai bakwai cikin tara suka ba ƙauyen gaskiya. Hujjarsu ita ce gari na da ikon kare kansa daga hayaniya da cunkoson motoci. Alƙali Thurgood Marshall bai yarda ba. A ganinsa, zaɓen abokin zama haƙƙin mutum ne, kuma dokar ta ƙyale dangi komai yawansu alhali ta hana baƙi uku kacal. Wannan suka tana da ƙarfi, domin mota ba ta san dangantaka ba.

Shari'ar da ta biyo baya ta fi ban tausayi. A garin East Cleveland na jihar Ohayo, wata tsohuwa, Inez Moore, tana zaune da ɗanta da jikokinta biyu. Ɗaya jikan ɗan wani ɗanta ne, wanda ta ɗauko bayan rasuwar mahaifiyarsa. Dokar garin ba ta lissafa irin wannan zama cikin iyali ba, saboda haka aka yanke mata hukuncin ɗaurin kwana 5 da tarar dala 25. A 1977 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, ta ce hukuma ba ta da hurumin raba dangi na jini. Bahaushe zai yi mamakin a ce riƙon jika ya zama laifi, tunda a wurinsa iyali sun haɗa da duk wanda maigida ke ɗauke da nauyinsa. Kalma guda ce, amma faɗin ma'anarta ya danganta da al'ummar da ke amfani da ita.

Waɗanda irin wannan doka ta fi cutarwa su ne ɗalibai da ƙananan ma'aikata, masu haɗa kuɗi su biya haya. Kotunan jihohin New Jersey a 1979 da Kalifoniya a 1980 sun yi watsi da ita bisa tsarin mulkin jihohinsu. Da tsadar haya ta tsananta, majalisu ma suka shiga: jihohin Washington da Oregon sun hana ƙayyade yawan mazauna gida bisa dangantaka a 2021, Kolorado ta bi sahu a 2024, sai dai ta bar wa garuruwa ikon sa iyaka saboda lafiya da kiyaye haɗarin gobara.