Fili Mai Gangare: Araharsa a Kasuwa, Tsadarsa a Ƙarƙashin Ƙasa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ina so mu yi magana yau a kan wani sha'ani da yake cin dukiyar bayin Allah a ɓoye, watau ginin gida a fili mai gangare.

Dalilin wannan magana shi ne, wani ɗan kasuwa, uban ɗaya daga cikin almajiraina, ya zo mini a zaure yana murna, ya ce: "Allah gafarta Malam, na sami fili a nan bayanmu, kuɗinsa bai kai na maƙwabtansa ba." Na ce masa: "Alhaji, ka je ka gan shi ana ruwa?" Ya ce a'a, da rani aka nuna masa. Bayan wata shida ya komo, kuɗin da ya tanada domin ɗakuna huɗu da zaure sun ƙare, ginin ko taga bai kai ba. Ba wanda ya cuce shi, ƙasa ce ta cinye.

Mai karatu zai ce, ina gangare a Kano, in ba gindin Dala ko Goron Dutse ba? To, ku sani shimfiɗar Kano ta ido ce kawai. Ruwan arewacin birni Jakara yake bi, na kudanci kuwa, wajen Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku, yana gangarawa ta rafin Tatsawarki har ya faɗa Kogin Challawa. Inda duk ruwa yake tafiya, lalle akwai bisa akwai ƙasa. Ga kuma tsofaffin kududdufai da kakanni suka haƙa domin tubali, aka cike su da shara aka yanka filaye, gefensu duk gangare ne. Sa'an nan ga titi, wanda duk lokacin da aka gyara shi sai ya ƙara tudu, gidan da yake daidai da hanya jiya ya zama yana kwari yau.

Bari mu yi hisabi, gama 'yan kasuwa sun fi gane magana da alƙalami. A ce fili ne mai tsawon ƙafa 100 da faɗin ƙafa 50, kansa ya fi gindinsa tudu da ƙafa 4 tak. Mutum zai tafi a kansa bai ji yana gangara ba. In ana so a daidaita shi da ciko, zurfin cikon ƙafa 4 ne a gindi, babu kome a kai, tsaka-tsaki ƙafa 2 ke nan. A buga 100 sau 50 sau 2, ya ba da 10,000 ta awon tsawo da faɗi da zurfi. In tifa tana ɗaukar 350 na wannan awo, sawu 29 ke nan na jar ƙasa, kuma in an yayyafa ruwa an daddaɓe ta sai ta zauna, a nemi ƙari. Wannan ita ce tsada ta farko.

Ta biyu, ciko ba ya tsayawa shi kaɗai, sai da bangon da zai tare shi. Bangon gindi ƙafa 50 ne sau 4, na gefe biyu kuwa suna raguwa har su ƙare a kai. Jimlar fuskarsu ƙafa 600. Bulo mai inci 9, tsawonsa inci 18, tsayinsa inci 9, saboda haka bulo fiye da 500 za a binne, ba ɗaki ba ne, ba katangar sutura ba ce. Kuma wannan bango ba irin sauran ba ne. Katanga nauyin kanta kaɗai take ɗauka, shi kuwa ƙasa ce take tura shi ta gefe dare da rana. Dole a cika ramukan bulon da kankare, a sa ginshiƙai da rodi, a bar ƙananan kafofi a gindi, a zuba tsakuwa a bayansu domin ruwa ya tsiyaye. Wanda ya toshe kafofin nan don tsimi, jiƙaƙƙiyar ƙasa da ruwan da ya taru za su kwantar masa da bango a watan Agusta, lokacin da damina ta fi ƙarfi. Dattawa ba su manta da Agustan 1988 ba, sa'ad da aka yi ruwan da ya rushe gidaje a Kano, madatsar Bagauda ta ɓalle. In ruwa ya fi ƙarfin madatsa, ina ga bulo mai rami?

Ta uku ita ce harsashi. Ba a aza gini a kan ciko, sai an haƙa an tarar da ƙasar asali mai tauri. A gefen gangare harsashin zai yi tsawo ƙwarai, kuma sai a yi shi hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa a miƙe. Wannan ƙarin siminti ne da yashi da kwanakin lebura. Wanda ya ƙi, rabin gidansa yana kan ƙasa mai tauri, rabi yana kan mai zaunawa, bayan damina biyu sai ya ga tsaga ta taso daga kusurwar taga, ƙyaure ya ƙi rufuwa. Yaɓe ba ya maganin wannan tsaga, gama ciwon yana ƙasa.

Akwai dabarar rage ciko: a sare ƙafa 2 daga tudun, a zuba a kwarin. Ƙasar da za a motsa ta koma kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ba saye za a yi ba. Amma fa wanda ya sare tudu ya tone gindin katangar maƙwabcinsa na bisa, sai ya gina bangon tarewa a can ma. Wata dabarar ita ce ta magabata: a bar fili yadda Allah ya yi shi, a yi zaure a bisa, cikin gida a ƙasa, da 'yan matakala tsakani. Maginan ƙasa na da ba su da tifa, saboda haka suna bin ƙasa, ba sa faɗa da ita.

Ta huɗu, wadda ta fi shafar malamai, ita ce haƙƙin maƙwabci. Ruwan da ya saba bi ta filinka, in ka cike ka ɗaga, ba ɓacewa yake yi ba, gidan wani yake nufa. Sau nawa aka kawo mana ƙara a zaure, na bisa ya juya indararo, na ƙasa ya kwana yana kwalfe ɗaki da ƙwarya? Shari'a ta hana cuta da cutarwa, malaman Malikiyya kuwa sun yi bayani filla-filla a kan wannan. Ibnur Rami, wani magini na Tunis a ƙarni na 8 na Hijira, ya wallafa littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, har da mas'alolin magudanar ruwan sama tsakanin gidaje. Saboda haka kuɗin lambatu mai kai ruwa babbar magudana, da kwalbati a ƙofar gida, suna cikin kuɗin gini tun farko. Haka nan a lura da shadda da rijiya: kada shaddarka ta zauna bisa rijiyar na ƙasa da kai, kada kuma ka haƙa rijiya a gindin shaddar na bisa. Mai sayarwa shi ma, in ya san tsohon kududdufi ne ko hanyar ruwa, wajibi ne ya bayyana aibin, kamar yadda mai sayar da dabba yake bayyana nata.

Ba na ce a guji fili mai gangare ba. Yana da alherinsa: ruwa ba ya kwana a tsakar gida, in an tsara shi daidai ya fi kwari lafiya nesa ba kusa ba. Abin da nake horo da shi huɗu ne. A je a ga fili da damina, ana cikin ruwa ko da ɗaukewarsa. A tambayi tsofaffin unguwa abin da wurin yake a da. A kira magini ko injiniya ya auna gangaren da igiya da ma'aunin ruwa, ya rubuta ciko da bulo da rodi, a haɗa su da kuɗin filin, kāna a gwada da farashin shimfiɗaɗɗen fili. A kuma kai zanen gini ga hukumar tsara birni ta jiha, KNUPDA, a karɓi izini kafin a sa diga, domin kada a gina a kan hanyar ruwa.

Alhajin nan da na ambata ya ƙare gidansa daga baya, ɗakuna biyu maimakon huɗu, ya kuma gina lambatu shi da maƙwabcinsa na ƙasa, suka raba kuɗin. Ya ce mini: "Malam, ashe gaskiyar Hausawa ne, araha ba ta ado." Na ce: "Alhaji, ka gode Allah da dukiya kaɗai ta taɓu, bango bai faɗa wa kowa ba."

Allah ya ba mu muhalli mai albarka, ya kiyashe mu da cin haƙƙin maƙwabta, amin. Haza wasalam.