Ilimin Zamantakewa: Mene Ne Shi, Kuma Ina Ya Samo Asali?

Tirwun ta girmi birnin Bauchi. A nan aka haifi Malam Yakubu, Bagere almajirin Shehu Usmanu, wanda ya kafa birnin a 1809. Yau kuwa birnin ne ya miƙo ƙafa har ya haɗiye ta, musamman tun da Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976. Gonaki sun koma filaye, filaye sun koma gidajen haya, maƙwabcinka ba lalle ne ya san kakanka ba, yaran Gerawa da yawa kuma Hausa suka fi ji. Wa ke sasanta rigima idan mai unguwa bai san rabin mutanensa ba? Irin wannan tambaya ce ta haifi ilimin zamantakewa, wanda ɗaliban jami'a ke kira soshiyoloji.

Aikinsa shi ne nazarin yadda jama'a ke zama tare: aure da gado, sarauta da talauci, kasuwa, addini, ƙaura. Ba wa'azi ba ne, ba kuma hirar dandali ba. Mai wannan ilimi sai ya fita ya tambaya, ya ƙirga, ya kwatanta, kafin ya ce uffan.

Littattafan makaranta kan fara da Auguste Comte, Bafaranshen da ya raɗa wa fannin suna a 1838. A ganina an yi wa Ibn Khaldun rowar matsayinsa. Wannan malami, haifaffen Tunis a 1332, ya rubuta Muƙaddima a 1377, inda ya bayyana yadda asabiyya, wato ƙarfin zumunci da haɗin kai, ke ɗora mutanen karkara kan mulki, sannan daɗin birni ya sassauta ta har daular ta faɗi. Duk wanda ya san tarihin masarautunmu zai ji kamar da shi ake.

Amma a Turai fannin ya tsaya da ƙafarsa, domin can ne zaman ya fara rikicewa. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya tumɓuke sarauta, masana'antun Ingila suka kwashe manoma suka cusa su a birane. Karl Marx ya dubi gwagwarmayar masu jari da ma'aikata, Max Weber ya bi sawun addini cikin neman dukiya. Émile Durkheim ne ya fi ba da mamaki. A 1897 ya ɗauki abin da kowa ke ganin lamarin mutum ɗaya ne, wato kashe kai, ya nuna da alƙaluma cewa ya fi yawa ga marasa aure da waɗanda alaƙarsu da jama'a ta yi rauni. Ashe har abin da ke cikin zuciya yana da nasaba da wanda ke kusa da kai.

Hausawa ma an nazarce su, galibi ta hannun baƙi. Mary Smith ta wallafa tarihin rayuwar Baba ta Karo a 1954, Abner Cohen ya bi Hausawa fataken goro da shanu na unguwar Sabo a Ibadan a littafinsa na 1969, Polly Hill kuma ta zauna da manoman Batagarawa ta fitar da littafinta a 1972. Yanzu jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato na yaye masu wannan ilimi duk shekara, kuma unguwa irin Tirwun ta ishi ɗalibi aikin kundin digiri: a fara da tambayar wa ya sayar da gonarsa, kuma me 'ya'yansa ke yi yanzu.