Agogo Ɗaya, Faɗuwar Rana Daban: Gaskiya da Ƙarya Kan Bambancin Lokaci

Ana yawan cewa an raba duniya gida 24 daidai wa daida, kowane gida da awarsa. Rabin gaskiya ke nan. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, wannan babu ja. Amma agogon da kowace ƙasa ke bi, gwamnatinta ce ke tsayar da shi. Indiya tana gaban agogon GMT da awa 5 da rabi, Nepal kuwa da awa 5 da minti 45. Ƙasar Sin, wadda faɗinta ya isa a yi mata agogo biyar, tun 1949 agogon Beijin kaɗai hukuma ta sani. Shi ya sa a Kashgar, can ƙuryar yamma, lokacin sanyi sai wajen ƙarfe 10 rana ke fitowa.

Cewa taron Washinton na 1884 ne ya raba wa ƙasashe lokaci, shi ma kuskure ne. Taron ya amince ne kawai a fara lissafi daga Greenwich da ke Landan. Faransa ma ba ta sauya agogonta na Faris ba sai 1911.

Labarin ƙasar da ta tsallake kwana guda sukutum kuwa, ko da yake ya yi kama da tatsuniya, gaskiya ne. A 2011 mutanen Samoa sun kwanta ranar Alhamis 29 ga Disamba, suka wayi gari Asabar 31, don kalandarsu ta dace da ta Ostareliya da New Zealand, abokan cinikinsu.

"Kullum mu a Najeriya muna gaban Landan da awa ɗaya." A'a. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Birtaniya kan tura agogonta gaba, sai mu yi kunnen doki. 'Yan gidan kallon ƙwallo sun fi kowa sani: wasan ƙarfe 3 a Ingila, ƙarfe 3 ne a Kano cikin Satumba, amma ƙarfe 4 cikin Janairu.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na azumi, inda ake ɗauka tunda agogon Najeriya ɗaya ne, buɗa-baki ma ɗaya ne. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai kusan digiri 8, kowane digiri kuma minti 4 ne. Wato ladanin Maiduguri zai kira magariba, saura kusan rabin awa rana ta faɗi a Sakkwato. Basakkwacen da ya sha ruwa da jadawalin Maiduguri da aka turo masa ta WhatsApp, da rana tsaye ya sha.