DAGA ƘOFAR DOKA ZUWA BAKIN TEKU: SHIRIN HUTUN ƊAN WASAN GOLF

Wanda ya fito daga Birnin Zazzau ta Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada, ya ƙetare Kubanni, zai iske filin ƙwallon lambu, watau golf, a unguwar da Turawa suka zauna. A da wasan na Turawa ne, 'yan gari sai ɗaukar jaka. Yanzu kuwa ma'aikatan gwamnati da malaman Jami'ar Ahmadu Bello da hafsoshin soja sun rungume shi, har waɗansu kan yi sha'awar cin hutun shekara a bakin teku, su gwada hannunsu a can.

To, wanda ke da wannan niyya, abin da zai fara dubawa shi ne lokaci. Sau da yawa ma'aikaci yakan karɓi hutunsa duk sa'ad da shugaban ofis ya sa hannu, alhali kuwa damina a Ikko ta fi ta Zariya tsawo. Ruwa yakan sauko tun watan Afrilu, ya yi tsanani a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita cikin Agusta, sa'an nan ya dawo har Oktoba. Wanda ya tafi a Yuni zai ƙare kwanakinsa a masauki yana kallon ruwa ta taga, kuɗi kuwa sun tafi. Lokacin da ya dace shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hunturu ya turnuƙe Zariya da hazo. Saboda haka a nemi gurbi a jerin hutu tun farkon shekara.

Sai kuma sha'anin fili. Tun zamanin Turawa an san filayen Arewa da ƙasa mai tauri, kuma saboda ƙarancin ruwa akan shimfiɗa yashi gauraye da mai a kewayen rami maimakon ciyawa. A irin wannan ƙasa ƙwallo yakan yi ta gangarawa bayan ya faɗi. A kudu ciyawa tana da laima, ƙwallo yakan tsaya kusa da inda ya sauka, ga kuma iskar teku tana karkatar da shi. Wanda ya saba cin rami da bugu huɗu a gida kada ya ji kunya in ya yi shida a can. Zagayen ramuka 18 yakan ci kamar awa huɗu ana tafe, kuma gumin Ikko ba ya bushewa kamar namu, don haka a fara da sassafe, a riƙe ruwan sha.

Filin da ya fi suna shi ne na kulob ɗin Ikoyi, wanda aka kafa a 1938. A nan Sandy Lyle ya ci gasar Nijeriya a 1978, Vijay Singh kuma ya ci a 1988 da 1989, kafin duniya ta san su. Sai dai wuri ne na membobi, baƙo yana bukatar wanda zai gabatar da shi. Akwai kuma Lakowe a kan hanyar Lekki zuwa Epe. Mai hali yana iya duban Agadir a Maroko ko Mombasa a Kenya.

Kafin tashi, a rubuta wa kulob ɗin a ji kuɗin shiga da na mai ɗaukar jaka, a karɓi takardar shaidar matsayin wasa daga sakataren kulob na gida, a kuma tambayi kamfanin jirgi kuɗin ɗaukar sanduna, waɗanda doka ta ƙayyade kada su wuce 14.

Daga ƙarshe, hutun Disamba yana gab da biyan kuɗin makarantar yara a Janairu. Magidanci ya fara ware wannan da na cefane, abin da ya saura shi ne na bakin teku. In bai isa ba, filin Kaduna da na Rayfield a Jos suna nan kusa, sai a jira baɗi in Allah ya kai mu.