Kuɗin Waje da Buhun Zakka: Aikin Agaji a Wurno, Rabah da Goronyo

A watan Satumba na 2010 kogin Rima ya cika ya batse daga madatsar ruwa ta Goronyo, ya cinye gonaki da gidaje a ƙauyukan Goronyo da Wurno har zuwa gefen birnin Sakkwato. Ƙungiyoyin agaji sun kawo tantuna da magunguna, ciki har da ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda dama tana aiki a Goronyo. Amma kafin motocinsu su iso, masu kwalekwale ne suka fara kwashe mutane, maƙwabta kuma suka buɗe zaurukansu. Haka agaji yake a gabashin Sakkwato har yau: akwai na waje mai kuɗi da tsari, akwai na gida mai saurin zuwa amma hannunsa gajere. Matashin da ya ɗauki wannan aiki sana'a yana rayuwa ne tsakanin biyun.

Yawanci daga sa-kai ake farawa. Yarinyar da ta gama makarantar koyon aikin lafiya za ta samu shiga wani shiri, a ba ta riga mai tambari da littafin rajista da ɗan zaren awo mai launi uku. Tana bin gida-gida, tana naɗa zaren a damtsen yaro. In ya tsaya a kore, lafiya lau. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani, sai ta rubuta takardar zuwa asibiti inda ake ba da abincin gyaɗa na leda. Wahalar aikin ba a awon take ba. Tana wajen shawo kan maigida ya yarda uwar ta bar girki da sussuka ta tafi da yaron, a ranar da kuɗin babur ma babu. Wanda ya iya wannan, ya kuma iya cike fom ba kuskure, shi ke zama mai sa ido, daga nan jami'in shiri, wata rana ma ya koma ofis a Sakkwato ko Abuja.

Sai dai duk wannan hawa a kan kwantiragi yake. Shirin TSHIP, wanda hukumar USAID ta Amurka ta ɗauki nauyinsa a jihohin Sakkwato da Bauchi daga 2009 zuwa 2015, ya kai maganin shafa wa cibiyar jariri da na tsayar da zubar jini bayan haihuwa har cikin ƙauyuka, ta hannun 'yan sa-kai na unguwa. Ya yi amfani, wa'adinsa ya cika, ya tafi. MSF ta rufe shirinta na mata da yara a Goronyo a 2013 saboda rashin tsaro. A Janairun 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, zuwa tsakiyar shekara an rushe USAID ɗungurungum. Ma'aikata da dama a Arewa sun wayi gari ba albashi, su da ba su yi laifin komai ba.

Ita kuwa buƙata ba ta san wa'adi ba. Harin da 'yan bindiga suka kai Tabanni a Yulin 2018 ya kora jama'a zuwa Gandi, cikin ƙaramar hukumar Rabah. A Oktoban 2021 an kashe mutum fiye da 40 a kasuwar Goronyo. Kowane hari yana barin marayu da zawarawa, kuma yana sa ƙungiyoyin waje su ƙara ja da baya daga inda aka fi buƙatarsu.

Wannan ne ya sa hankali ya kamata ya koma kan dukiyar da ke gida. Yankin ba fako ba ne. Fadamar Wurno da gonakin da ke shan ruwan madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, suna fitar da shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa zuwa kasuwanni masu nisa. Hukuncin zakkar amfanin gona sananne ne: idan hatsi ya kai nisabi, na damina ana fitar da ɗaya bisa goma, wanda aka shayar da injin ban ruwa kuma ɗaya bisa ashirin. Manomin rani mai buhu ɗari na shinkafa, buhu biyar ke kansa. A mazhabar Malikiyya albasa ba ta cikin abin da ake yi wa wannan awo, amma mai albasa ba a rufe masa ƙofar sadaka da wakafi ba. Jihar tana da Hukumar Zakka da Wakafi, mai kwamitoci a gundumomin hakimai, ga kuma 'yan agajin ƙungiyoyin addini da ake gani a asibiti da maƙabarta da filin Idi. Tushen irin waɗannan ƙungiyoyi ma na nan kusa: Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah wanda ya riƙe hakimcinta daga 1934, shi ya jagoranci kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962.

Tara kuɗin gida ya fi rubuta takardar neman tallafi wuya, kuma duk wanda ya gwada biyun zai faɗa maka haka. Mai ba da tallafi daga Turai rahoto yake so duk bayan wata uku, da rasit da hotuna. Alhajin da ya ba da buhu biyar ba ya karanta rahoto. Shi dai ya san gidan kowace bazawara a unguwarsu, kuma zai ji ko hatsin ya shiga. Idan ya ji an raba wa 'yan uwan shugaban kwamiti, ba zai yi rigima ba. Baɗi zai raba abinsa da kansa a ƙofar gida. Gidauniyoyi da yawa sun mutu ta wannan hanya, bayan an yi taron ƙaddamarwa da lasifika da alƙawuran manyan baƙi waɗanda rabinsu ba a karɓo ba.

Shugabancin da ke ɗorewa a irin wannan wuri ba shi da ado. Ma'aji ya miƙe bayan sallar Juma'a da littafinsa, ya karanto abin da ya shigo, buhu nawa, naira nawa, ya faɗi unguwannin da aka kai, ba tare da ya tona asirin waɗanda suka karɓa ba. Mutum biyu ne ke sa hannu kafin a cire ko sisi. Makullin sito ba ya hannun shugaba. Waɗannan ƙa'idoji su ne ainihin abin da tsofaffin ma'aikatan shirye-shiryen waje suka ƙware a kai, kuma yanzu da yawansu suna zaune a gida.

Abin da ke hana su shiga kwamitocin gida shi ne tunanin cewa aikin Allah ba a karɓar masa albashi. Wannan tunani yana cutar da aikin. Aya ta 60 ta Suratut Tauba, da ta jero rukuni takwas na masu haƙƙi a zakka, ta saka ma'aikatan tattara ta a cikinsu. Mutumin da zai yini a kan babur tsakanin Achida da Wurno yana ƙididdigar marayu yana da iyali, yana sayen mai. In ba a yanka masa haƙƙinsa a fili ba, ko dai ya gaji ya bari, ko kuma a jefa shi cikin jarrabawar da bai kamata a jefa kowa ba. Kwamitin da ya rubuta alawus ɗin ma'aikacinsa a littafi ɗaya da buhunan da ya tara, ya karanto su tare a gaban jama'a, zai iya ɗaukar yarinyar nan mai zaren awo aiki idan kwantiraginta ya ƙare, ta ci gaba da bin gidajen da ta riga ta sani.