Ribas da Tirela: Jarrabawar Sabon Direba

Duk wanda ya saba shiga kasuwar hatsi ta Dawanau ko kasuwar Singa a Kano ya san wannan kallo. Tirela ta iso da lodi, ana so ta shiga da baya tsakanin wata motar da katangar sito, ratar da aka bar mata kuwa da ƙyar ta fi faɗinta. 'Yan dako sun tsaya, masu a-daidaita-sahu sun cika wurin da hon, yaron mota na baya yana ɗaga murya: "Taho! Taho! Karya! Tsaya!" Tsohon direba kan saka ta cikin minti biyu ya sauko yana gyara hula. Sabon hannu kuwa sai ya jiƙe da gumi, ya shiga ya fita sau biyar, bodin yana ƙin zuwa inda aka nufa da shi.

Wahalar daga ƙirar motar take. Tirela abu biyu ne da aka haɗa: kai, inda inji da direba suke, da bodi mai ɗaukar kaya. A bayan kan akwai wani farantin ƙarfe mai tsaga, a ƙarƙashin gaban bodin kuma akwai wata ƙusa mai kaurin inci 2 da ke shiga tsagar ta kulle. A kan wannan ƙusa gaban bodin ke juyawa. Idan ana tafiya gaba, kai ne ke ja, bodi na bi kamar raƙumi da akala. Da an saka ribas sai ja ya koma turi, kuma duk ɗan karkacewar da bodin ya yi ƙaruwa take yi, ba ta gyara kanta.

Ga kuma tsawo. Kwantenar ƙafa 40 da ake ɗaukowa daga tashar jiragen ruwa ta Apapa ta ɗan haura mita 12, faɗinta kuma ya kusa mita biyu da rabi. A Turai, inda da yawa daga cikin motocin DAF da MAN na hannu ke fitowa, iyakar tsawon kai da bodi a haɗe mita 16.5 ne. Ke nan direba na sarrafa wutsiyar da ke nesa da shi, wadda ba ya ganinta sai ta madubi.

Abin da ya fi rikita sabon direba shi ne sitiyari. A ƙaramar mota, inda aka murza nan baya ke nufa. A tirela, in aka murza dama, bayan kai ne ke tafiya dama, ya tura gaban bodi can, wutsiya kuma ta nufi hagu. Masu koyarwa suna da dabarar sauƙaƙa wannan: a riƙe sitiyari daga ƙasa, duk ɓangaren da hannu ya tafi, can wutsiya za ta bi. In kuma baya ake yi a miƙe, madubin da bodi ya fara cikawa shi ne ɓangaren da za a murza, kaɗan, sannan a dawo.

Kalmar "kaɗan" ɗin nan ita ce ke ba da wuya. Dogon bodi ba ya amsawa nan take, sai motar ta yi 'yan taku. Mai gaggawa yakan zaci murzawar ba ta isa ba, ya ƙara, kafin ya ankara bodi ya karye fiye da kima. In aka ci gaba da turawa a haka, kai da bodi su naɗe kamar wuƙar aljihu, kusurwar bodi ta daki ɗakin direba, tiyon iska ya tsinke. Gajeren bodi na kwantenar ƙafa 20 ya fi saurin yin haka, shi ya sa wanda ya saba da dogo kan sha mamaki ranar da aka haɗa masa gajere.

Ƙwararru sukan gama rabin aikin tun kafin su saka giyar baya. Suna wuce ratar da za su shiga a hankali suna kallonta, su buɗe kai ta yadda wutsiya za ta tsaya tana fuskantar bakin ratar. Suna kuma zaɓar ɓangare. Tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, sitiyari na hagu, don haka shiga ta hagu ce ta fi sauƙi: direba na iya leƙowa ta taga ya ga tayoyin bodi da idonsa. Ta dama kuwa, da zarar bodi ya karye sai madubi ya daina nuna wutsiya. Gogaggen direba ya gwammace ya zagaya unguwa guda ya dawo ta hagu. Tayoyin bodi yake kallo, domin a kansu bodin ke juyawa, amma ba ya mance guntun da ya zarce tayoyin, wanda ke shara gefe ya kwashe rumfa ko madubin motar maƙwabci.

Yaron mota shi ne idon direba a baya, kuma akasarin direbobin manyan motoci a Potiskum, Tafa ko Mararrabar Jos daga nan suka faro: wankin mota, ɗaure tampol, saka waigi, har ran da maigida zai ce a gyara wa mota tsayuwa. Ƙa'idar aikin ita ce a yi yarjejeniya kan alamun hannu tun da fari, mutum ɗaya ne zai yi jagora ko da goma na ihu, kuma ya tsaya inda madubin direba ke kama shi, kada ya shiga tsakanin wutsiya da katanga. Da ya ɓace daga madubi, direba ya taka burki.

A Amurka, makarantun koyon tuƙin manyan motoci suna nanata wa ɗalibai magana guda: a sauka a duba. Jarrabawar lasisinsu ma ta haɗa da yin baya, kuma ta ba ɗalibi damar saukowa ya leƙa. Saukar na nuna abin da madubi ke ɓoyewa: kwalbati, wayar lantarki da ta yi ƙasa, almajirin da ya fake a inuwar taya, ƙasa mai laushi da za ta haɗiye tayar mota mai lodin siminti.

Abin da ke hana sabon direba sauka ko komawa gaba ya miƙe yawanci kunya ce, kada a ce bai iya ba. Ita ce ke sa shi ya yi ta dannar burki a ruɗe har iskar tanki ta ragu, burkin ya kama da kansa, motar ta kafe a tsakiyar hanya sai an jira iska ta taru. Tsofaffin hannu kan bar motar ta silala da ƙarfin inji kawai, gilashi a sauke, rediyo a kashe, su ja gaba sau biyu ko uku ba tare da sun kula da masu hon ba. Wasunsu, a filin gareji da yamma, sukan jera jarkoki biyu su ce wa yaro ya saka bodi a tsakani, kullum suna matso da jarkokin kusa da juna, har ratar ta koma irin ta bakin sito a Singa.